Me za mu ce wa "anthology" da Hausa? Gobe nake da shiri

Rukayya: Assalamu alaikum. Masana, ku agaza mini. Gobe da yamma zan gabatar da shirin adabi a rediyo, kuma littafin da zan tattauna irin wanda Turawa ke kira "anthology" ne. Gajerun labarai ne na marubuta da yawa, edita ya zaɓo su, duka a kan abinci da al'ada da asalin mutum. Akwai na wata yarinya da ta tashi a ƙasar waje, ba ta jin harshen kakarta, sai a madafa suke fahimtar juna, tsohuwar na kama hannunta tana nuna mata yawan gishirin da za ta zuba. Sau biyu na karanta shi. Daɗin littafin shi ne kowane labari da muryarsa, ka gama wannan ka faɗa gidan wani. Ina son kalmar da za ta nuna haka.

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. "Tarin gajerun labarai" mana, kowa zai gane.

Rukayya: Na yi tunaninsa, Malam. Amma in marubuci ɗaya ya haɗa nasa, shi ma tari ne. Kuma tari ba ya nuna an yi zaɓe.

Habibu: Diwani fa?

Malam Sabo: Diwani na waƙoƙi ne, galibi na mawaƙi ɗaya. To a ce "kundin gajerun labarai".

Baba Ilu: Kundi ya gaji da kaya. Kundin digiri, kundin tsarin mulki, ga kundin malamai na addu'o'i. Asalin kalmar "anthology" Girkanci ce, daga fure da tsinta, wato furannin da aka tsinto aka haɗa. Mu kuwa muna da dami. Ana yanko zangarniya daga kunya daban-daban, a ware marar kyau, a ɗaure da igiya ɗaya. Igiyar ita ce jigo, mai ɗauri shi ne edita. Damin labarai! Na daɗe ina faɗa. Ba mu roƙi Balarabe ba, ba mu roƙi Bature ba.

Habibu: Baba, Allah ya ja kwana, ai "labari" ɗin ma daga Larabci yake, haka "littafi". Ƙamus ɗin Hausa na Bargery na 1934 cike yake da irin waɗannan kalmomin aro.

Baba Ilu: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yaran da ke ganin sai sun ce "antoloji" a san sun yi boko.

Zainab: Ba girman kai ba ne, Baba. A aji kalmar muka tarar, ba a ba mu madadinta ba. Ku da kuka riga mu, me ya sa ba ku tsayar da ita ba tuntuni?

Baba Ilu: 'Yata, wa ke sauraren mu?

Malam Sabo: Mun bar baiwar Allah a tsaye. Matsalar dami ita ce mai saurare zai ɗauka shirin manoma ne, tun da maganar abinci za a yi. Kuma in an ce "ya zo da damin labarai", yawa ake nufi.

Zainab: Anti Rukayya, ki ce "zaɓaɓɓun gajerun labarai na marubuta daban-daban". Ya yi tsawo, amma zaɓen ya fito, yawan muryoyin ma ya fito.

Rukayya: Na gode ƙwarai. Zan buɗe da na Zainab, daga baya in riƙa cewa "kundin". Bayanin igiya da mai ɗauri kuwa zan kawo shi in na zo kan aikin edita, don ya shiga raina. Baba, ka yarda?

Baba Ilu: Ban yarda da kundi ba. Amma in za ki ambaci damin ko sau ɗaya ne, je ki. Ƙarfe nawa shirin?