Kolet: wane suna za mu sa masa da Hausa?

Jama'a, masu aikin injin ƙarfe da malamanmu na Hausa, ku matso kusa. Akwai wani ɗan ƙarfe da ke riƙe bakin yanka ko bakin huda a jikin inji, Turawa na ce masa kolet. So nake mu samo masa sunan da yaron shago zai ji ya gane aikinsa tun kafin a nuna masa.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba: ɗan gajeren bututu ne da aka tsattsaga a tsaye, bayansa yana sirancewa zuwa ƙasa. Ka zura gindin bakin yankan a ciki, ka ɗaure noti, notin ya danna shi cikin rami mai siffarsa, tsagogin su haɗe, ya kama ƙarfen ta kowane gefe daidai wa daida. Shi ya sa bakin ba ya layi in inji na gudu. Cak kuwa, wato wani abin riƙe ƙarfe a inji mai haƙora uku, wuri uku kawai yake kamawa.

Iri-iri ne. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne ER, na kamfanin Rego-Fix da ke Suwizalan, tun farkon shekarun 1970. Girmansa daga ER8 har ER50. ER16 na ɗaukar kauri har milimita 10, ER32 har 20. Sai R8 na injinan Bridgeport, wanda wata doguwar sanda mai zare ke janyowa ta baya. Shi 5C na kamfanin Hardinge galibi ƙarfen da ake sassaƙawa yake riƙewa. Sunan da za mu zaɓa dole ya ɗauke su duka.

An kawo shawarar mariƙi. Ya yi faɗi, don hannun tukunya ma mariƙi ne. Awartaki baki biyu gare shi, kuma hannun maƙeri ke matsa shi. Ƙawanya ce ta fi jan hankalina, tunda zagaye ƙota take yi ta kame ta, amma ita in an buga ta ta zauna ke nan, ba ta buɗewa ta sake rufewa.

Ni dai matsuki nake gani, daga tsukewa, irin yadda ake tsuke bakin jaka. Ginin kalmar namu ne tsaf, sahun mabuɗi da magirbi, jam'i matsukai. Ba nauyi a harshe: miƙo min matsuki mai goma.

Abin da ya fi sa ni tsayawa a kansa shi ne sunan na koyarwa. Matsuki tsukewa yake yi, ba ya buɗewa ya wuce girmansa, tsukewar ma da iyaka. Na ER kusan milimita 1 yake iya shigewa, ƙananan rabin haka, R8 da 5C kuwa kusan sai abin da aka rubuta a jikinsu. Nan ake yawan ɓarna: kwatan inci milimita 6.35 ne, ba 6 ba. A ido ɗaya suke. Yaro ya cusa baki mai kwatan inci a matsuki mai 6 da ƙarfin tsiya, ya lalata shi; ko ya sa mai 6 a R8 na kwatan inci, bakin ya sulluɓe ana tsakiyar yanka. Haka kuma na ER, sai an fara karkata shi an maƙala cikin notin ya yi ƙas, sannan a ɗaura a inji. In aka jefa shi rami aka bi da noti, a karkace zai zauna.

Iyayen gidanmu na Panteka a Kaduna, in akwai sunan da kuka daɗe kuna kiransa da shi, ku faɗa mana, naku ne a gaba. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram da suka koyi aikin da Faransanci, ku ma muna son jin abin da kuke cewa a shago, da ko matsuki ya zauna muku a baki.