Sakkwato ko Ƙonni? Waɗanda suka zauna can da iyali su taimaka

Tela_Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗinki nake yi, keke huɗu da yara uku. Kawuna da ke Birnin Ƙonni, a Nijar, ya ce in dawo can zai ba ni shago kyauta na shekara guda, gida kawai zan kama. Ina da mata da ɗiya uku, biyu suna firamare. Abu uku nake son ji: kuɗin haya, makarantar yara, da wuta, don keken surfani ba ya yi sai da ita. Wanda ya zauna can nake so, ba wanda ya ji labari ba.

Abu Haidar: Wa alaikumussalam. Tafi kawai malam, sefa ta fi naira. Da can jikka guda wajen naira 600 muke canzawa a Illela, yanzu ta haura dubu biyu.

Sarkin Zolaya: A fara yi masa bayani tukuna, jikkar can sefa dubu ce, ba jakar naira 200 ba. Kada a ce masa shinkafa jikka goma sha biyar ya ce a loda masa buhu goma.

Maman Ihsan: Sefar za ka karɓa, amma ita za ka kashe. In ta fi ƙarfi, mi ke kawo mutanen Ƙonni Illela sayayya duk Lahadi?

Alhaji Na-Arkilla: Ɗana, saurara. Ni ma ɗan uwa ya kira ni, farkon 2023 na kwashe iyali. Na sayar da filina na sayi firiza uku, ina ƙanƙara da ruwan leda, kuma wallahi da fari na ga alheri, wuta ta fi ta unguwarmu zama. Sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli. Cikin 'yan kwanaki Nijeriya ta yanke wutar da take ba su, aka rufe iyaka. Na buɗe firiza da safe, ruwa ya kwanta ciki ɗumi kamar na alwala. Wannan duk dukiya ce. Ana haka aka bugo mini tsohuwa ba lafiya a Sakkwato. Illela ga ta nan, da dare kana hango fitilunta, amma sai ta daji bisa kabu-kabu, mu uku a babur guda, kowace kwana a miƙa wani abu. Na iso an dawo daga maƙabarta. Da aka buɗe iyaka a Maris 2024 firiza guda na dawo da ita, biyu sun tafi a bashi.

Maman Ihsan: Allahu akbar. Allah ya jiƙanta, Baba.

Ɗan Tawa: Allah ya gafarta mata. Amma Alhaji a faɗi gaskiya, wa ya yanke kuran ɗin, wato wutar? Ku kuka yanke. Ni ɗaki biyu da zaure nake ciki a Ƙonni, jikka 15 a wata, kuma wata-wata muke biya, ba a ce ka kawo na shekara ba. Ina barin babur ƙofar gida in yi barci.

Alhaji Na-Arkilla: Jikka 15? Ni 35 na biya, ruwa ma sai 'yan garuwa.

Ɗan Tawa: Sun ji bakinka sun san baƙo ne, Alhaji.

Abu Haidar: Shi ɗan ƙasa ne, shawararsa ba ta shafi Tela ba. Ba wanda zai tare shi ya ce ina takardu.

Ɗan Tawa: Kai da ba ka taɓa wuce wurin 'yan canji ba fa? Ya ce wanda ya zauna.

Malama Hadiza: Ba wanda ya taɓa zancen yara. A lakwal, makarantar bokon can, da Faransanci ake koyarwa, ɗan aji huɗu zai koma kamar yau ya fara. Ƙanwata da ke aure can ta maido nata biyu wurina saboda haka. Ka bar iyali nan, ka je ka gwada zuwa bayan Sallah.

Sarkin Zolaya: Ya je shi kaɗai? Malama kina son uwargida ta samu abokiyar zama mai cewa bonjur.

Direban Illela: Masu cewa ya riƙa zuwa yana dawowa, kun bi hanyar kwanan nan? Daga Kware zuwa Gwadabawa zuwa Illela, ban gama sa giya ta uku ba an ɗaga mini hannu. Jiya buhun albasa biyu na wata tsohuwa aka sa na sauke, wai a ga abin da ke ƙasa.

Abu Haidar: Ku ma direbobi a kanmu kuke fanshewa. Tun cire tallafin mai a 2023 kuke ƙari, ko mai ya sauka ba ku ragewa, gaba kuma mutum biyu.

Direban Illela: Sayi taya guda ka zo mu yi magana.

Tela_Mabera: Na gode duka. Baba Alhaji, Allah ya kai haske kabarinta. Ɗan Tawa, yanzu awa nawa kuke samun wutar a rana?

Direban Illela: Kuma in za ka ɗauki kekunan, ka kwance kawunansu ka naɗe cikin katifa. In masu shingen hanya suka gan su tsaye, sabbi za su ce.