Neman shawara: An kawo min takardun kuɗi na gwal jingina, in karɓa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin harkar gwal da masu tara tsofaffin kuɗi ku ba ni shawara. Akwai wani ɗan'uwan maigidana da nake bi bashi, lokacin biya ya wuce, sai ya zo da wani ɗan akwati ya ce in riƙe jingina, in kuma ina so in riƙe gaba ɗaya a bakin kuɗina. Takardun kuɗi ne masu launin gwal, sai ƙyalli suke. Akwai na dala 100 da yawa, akwai na dala miliyan ɗaya, na yuro 1000, da na Zimbabwe mai tiriliyan 100. Kowacce tana cikin ledarta, an rubuta 24K da 999.9 a gefe, ga kuma takardar shaida mai hatimi. Ya ce a intanet ya saya, wai kaɗan aka buga, nan gaba kuɗinsu zai ninka. Ba na zarginsa da yaudara, don na ga shi ma ya yarda da abin. Amma hankalina bai kwanta ba. Gwal ne da gaske? Ta yaya ake sanin darajarsu?

Wani matashi:
Wa alaikumus salam Anti. Ki kara musu maganaɗisu, in bai kama ba gwal ne.

Mai sana'ar gwal:
A'a ƙanena, kada ka kai ta ka baro. Gaskiya ne maganaɗisu ba ya kama gwal, amma ai ba ya kama leda, ba ya kama alminiyon. Wannan gwajin ba zai nuna komai ba.

Malama, mu a wurinmu gwal nauyi ne. Kafin ki kalli 24K da 999.9 ɗin, wato alamar gwal tsantsa, nemi inda aka rubuta giram ko miligiram nawa ne a ciki. Wanda ya sa gwal na gaske ba ya ɓoye nauyinsa, shi yake fara rubutawa, don shi yake sayarwa. In kin ga karat kawai babu nauyi, to kin riga kin samu rabin amsa.

Yawancin waɗannan takardun leda ce aka fesa mata ƙurar alminiyon, aka bi da launin rawaya, irin aikin da ake yi wa takardar naɗe kyauta mai ƙyalli. Amma mu ƙaddara mai sayarwar ya yi gaskiya, ya lulluɓe su da ganyen gwal na ainihi. Kaurin ganyen gwal kusan kashi ɗaya ne cikin dubu goma na milimita. Takardar dala tsawonta milimita 156, faɗinta 66. In aka buga lissafi, giram ɗaya ya isa ya rufe gaba da bayan takardu kusan 25, wato kowacce ba ta wuce miligiram 40 ba. Wannan fa na yi masa adalci ne ƙwarai, domin feshin inji ya fi ganyen hannu siranta nesa ba kusa ba. Kuma ko akwai ɗan gwal ɗin, wahalar raba shi da leda ta fi abin da za a samu, shi ya sa ba ma saye.

Ki ciro ɗaya ki lanƙwasa kusurwarta. Gwal tsantsa yana da laushi, inda aka lanƙwasa shi nan yake zama, leda kuwa miƙewa take ta koma yadda take. Sannan ki kankare gefen da allura. In fari kamar azurfa ya leƙo, ko kika tarar da leda garai-garai, magana ta ƙare.

Mai tara tsofaffin kuɗi:
Baba ya gama da ɓangaren ƙarfe, bari in taɓa namu. Abin da ke sa takardar kuɗi ta yi tsada a hannun masu tarawa shi ne wace hukuma ta buga ta, nawa suka rage a duniya, kuma a wane hali take. Waɗannan babu babban bankin da ya buga su, kuma duk ranar da kamfanin ya ga dama sai ya sake kunna inji. "Kaɗan aka buga" ba ta da ma'ana in babu mai iya hana a ƙara.

Kin ambaci dala miliyan ɗaya. Amurka ba ta taɓa buga irin wannan takarda ba. Mafi girma da ta buga ita ce ta dala 100,000 ta shekarar 1934, mai hoton Woodrow Wilson, kuma ko ita tsakanin bankunan tarayya kawai ta yi yawo, ba ta shiga hannun jama'a ba. Na dala 500 zuwa 10,000 ma tun 1945 aka daina bugawa, aka janye su a 1969. Haka yuro, 500 ce ƙarshenta, ita ma an daina fitar da sabuwa a 2019. Babu yuro 1000.

Ta Zimbabwe ce mai ban dariya. Wannan akwai ta da gaske: tiriliyan 100, an rubuta 2008 a jikinta, ta fito a farkon 2009 lokacin da hauhawar farashi ta cinye kuɗin ƙasar. Ta takardar, wadda a lokacin ba a ɗauke ta a bakin komai ba, ita muke nema yau, har akan kai ta PMG, kamfanin da ke kimanta takardun kuɗi, su tantance su rufe ta da lambar daraja. Mai ƙyallin kuwa ba ma kallonta. Da ɗan'uwan naku ta ainihi ya saya, da yanzu wata maganar muke yi.

Takardar shaidar kuma, duba ki ga wa ya sa hannu. Kusan kullum mai sayarwar ne ya buga ta da kansa. Sai ki jera na dala 100 ɗin ki karanta lambobinsu. Kuɗin gaske kowace takarda da lambarta ita kaɗai.

Wata mamba:
To amma ni ina da ja. Ai na ga ana sayar da su, mutane suna saye, wasu ma an sa musu kuɗi mai yawa. Abin da ake saye ba a ce ba shi da daraja ba. Kuma na ji akwai takardun da ke da gwal na gaske.

Mai tara tsofaffin kuɗi:
Yaya, kina da gaskiya ta wani gefen. Suna da darajar kayan ado, kamar abin da za ka ba yaro ko ka maƙala a bango, kuma wasu aikinsu ya yi kyau. Amma kuɗin da mai talla ya rubuta daban, wanda aka biya daban. Kowa na iya rubuta abin da ya so. A duba waɗanda aka riga aka sayar, sannan a duba yadda dillalai ke ba da su sari, ɗari-ɗari a ƙunshi. Nan ne farashin gaskiya yake. Tambayar da ta shafi 'yar'uwarmu ita ce wa zai saya daga hannunta, tunda sabuwa tana nan da araha.

Masu gwal na gaske akwai su. Takardun Goldback, da aka fara a jihar Utah ta Amurka a 2019, misali ne: wadda aka rubuta wa 1 tana ɗauke da gwal kashi ɗaya cikin dubu na oza, oza kuwa giram 31.1 ce, kuma an rubuta nauyin ɓaro-ɓaro a jiki. Ko su ana sayar da su sama da kuɗin gwal ɗin da ke ciki, saboda aikin da aka yi. Sannan su ba kwafin dala ba ne, zanensu daban.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na duba, babu nauyi ko'ina. Na dala 100 ɗin duk lambarsu iri ɗaya ce. Na kankare ɗaya kamar yadda Baba ya ce, fari ne a ƙasa. Yanzu damuwata yadda zan faɗa masa, don na san ya zuba kuɗi a ciki, kuma ba na son abin ya taɓa zumunci.

Mai sana'ar gwal:
Kada ya ji daga bakinki, 'yata, zai ɗauka kushe masa kaya kike don ki matsa masa. Ki sa maigidanki ya ce su je tare wurin mai sayen gwal a kimanta kayan kafin a rubuta jingina, wannan ba abin jin haushi ba ne. Su tambayi nawa zai biya a yau, kuɗi hannu, kada su tsaya a kan "akwai gwal ko babu", domin na'urar gwaji fatar sama take karantawa, tana iya nuna gwal ko da ɗigo ne. Akwatin ki mayar masa cikakke, har da wadda kika kankare, ki gaya masa ke kika yi. In ba shi da halin biya yanzu, ku yanka masa kaɗan-kaɗan a rubuce gaban shaidu. In bai daɗe da sayen ba, ya gwada neman a mayar masa da kuɗinsa ta shafin da ya saya. Kuma a ja masa kunne kada ya ce zai sayar wa wani a matsayin gwal don ya fanshe, yanzu da ya sani wannan zamba ce.