An tura ni sashen zakuna, ta ina zan fara?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum. An ɗauke ni aiki a gidan namun daji, mako mai zuwa kuma za a tura ni sashen masu cin nama: zakuna uku, namiji ɗaya da mata biyu, sai damisa ɗaya da kuraye biyu. Akwai wanda zan yi aiki a ƙarƙashinsa, amma ba na so in je masa ban san komai ba. Yaya ake shiga fili a yi shara lafiya a fito lafiya? Nama kilo nawa zaki ke ci a rana? Kuma da gaske ne akwai ranar da ake barinsu da yunwa da gangan? Masu sani a taimaka.

Mai_Makulli:

Wa'alaikumus salam, Allah ya sa albarka. Bar maganar nama tukuna, fara da ƙofa, domin ita ke kashe ma'aikaci.

Kowane keji na irin waɗannan dabbobi kashi biyu ne: filin waje inda jama'a ke kallo, da ɗakunan kwana a baya. Tsakaninsu akwai ƙofar ƙarfe da ake ɗagawa ko zugewa daga farfajiyar ma'aikata, ba tare da an shiga ba. Ba a taɓa haɗa mutum da dabba a wuri ɗaya, ko da dabbar da aka raina da hannu ce tun tana jaririya.

Da safe, kafin ka taɓa kowane kwaɗo, ƙirga dabbobin da idonka. Zakuna uku ne, to sai ka ga kawuna uku a cikin ɗaki. Jela da ta leƙo daga lungu ba ƙirga ba ce, gurnani daga duhu ma haka. Idan abokin aikinka ya ce "na rufe su", ka gode masa, sannan ka je ka duba da kanka. Ba raini ba ne, shi ma haka ya kamata ya yi maka. Daga nan sai ƙofar tsakani: ka tabbatar ta sauka har ƙasa, ka zura sakata, ka sa kwaɗo, ka ja kwaɗon da hannu ka ji ya kama. Kwaɗo yakan yi kamar ya rufe alhali bai shiga ba. Ƙofar kuma guntun ƙashi ko tarin ciyawa a cikin layinta kan hana ta sauka, ta bar tazarar yatsu huɗu, kuma wannan ta ishi zakanya ta cusa hannu ta ɗaga. Makullin ya zauna a aljihunka muddin kana cikin fili. Idan yana rataye a bango, wani zai iya zuwa da kyakkyawar niyya ya saki dabbobin kana ciki.

Ka sanar ta oba-oba lokacin shiga da lokacin fita. Idan aka katse ka a tsakiyar rufewa, ko da kiran waya ne, koma farko ka sake ƙirgawa.

Kana fili, ka zaga shinge gaba ɗaya: wayar da ta saki, ramin da kura ta fara tonawa a gindin katanga, reshen da ya karye ya jingina da shinge ya zama tsani. Tsawon katanga ma ba wasa ba ne. A San Faransisko ta Amurka a 2007 wata taiga, wato babbar damisar Asiya mai ratsi-ratsi, ta haure katangar da ba ta kai mita 4 ba ta kashe mutum, alhali mita 5 ake ba da shawara. Damisa kuwa dole kejinta ya zama da rufi, don hawa ba ya ba ta wahala.

A farfajiyar baya, ka bar kamar mita ɗaya tsakaninka da raga, kuma kada ka juya wa damisa baya ko ka tsuguna kusa da ita. Idan ka ga namijin zaki ya juyo maka da baya ya ɗaga jela, matsa gefe, fitsari zai fesa, kuma yana kai wa nesa.

Likitar_Dabbobi:

Malam Mai_Makulli ya gama da ƙofa, ga nama. Babban namijin zaki da ke tsare yana rayuwa lafiya da kilo 4 zuwa 5 a rana, mace 3 zuwa 4, damisa 1 zuwa 2. Waɗannan na farawa ne kawai, jikin dabbar ne zai gaya maka a ƙara ko a rage. Idan haƙarƙari da ƙashin ƙugu sun fito fili, a ƙara. Idan ciki ya fara reto kuma ƙugu ya ɓace, a rage. Ƙiba ta fi rama yawa a dabbobin da ke tsare, tunda zaki na iya kwantawa har awa 20 a rana kuma ba ya bin komai da gudu. A auna naman da sikeli, ba da ido ba.

Babban kuskuren da ake yi shi ne ba da jan nama zalla. A daji zaki yana cin fata, kayan ciki, guringuntsi da ƙananan ƙasusuwa. Kilo ɗaya na tsoka yana da sinadarin fosfaras kusan giram 2, kalsiyam kuwa, wato sinadarin da ke gina ƙashi, bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na hakan ba, alhali jiki yana son kalsiyam ya ɗan fi fosfaras yawa. Idan bai samu a abinci ba, sai ya riƙa ɗiba daga ƙashi. Babba yakan daɗe bai nuna ba, amma ɗan zaki cikin 'yan watanni za ka ga ƙafafu sun lanƙwashe, yana ɗingishi, ya diro daga ɗan tudu ƙashi ya karye. Gyaran ba wuya: garin kalsiyam kabonet, wanda kashi 40 cikin 100 nasa kalsiyam ne, kamar giram 7 a kowane kilo na tsoka. A tsattsaga naman da wuƙa a cusa garin ciki, don idan barbaɗawa aka yi a sama, girgiza ɗaya zai yi ya zubar. Sannan dabba sukutum, kamar zomo da gashinsa, sau ɗaya ko biyu a mako.

Hanta ana ba da ita kaɗan, don bitamin A. Dangin kyanwa ba sa iya samar da shi daga tsirrai, kuma ƙarancinsa a matasan zakuna yana sa ƙashin ƙeya ya yi kauri ya danne ƙwaƙwalwa, sai ka ga suna tangaɗi suna ɗaga kai sama. Amma yawan hanta ma guba ne, don haka likitanku ne zai yanke adadi. Zuciya tana da kyau saboda tana ɗauke da wani sinadari mai suna taurin (taurine) da jikinsu ke buƙata.

Inda naman ya fito ya fi komai muhimmanci. Kada a karɓi dabbar da ba a san abin da ya kashe ta ba. Wadda aka kashe da allurar fentobabital tana riƙe maganin a namanta, zaki ya ci ya kwanta bai farka ba. Kajin da suka mutu da kansu kuwa a ƙone su: a Tailan a 2004 murar tsuntsaye ta hallaka taiga masu yawa da aka ba ɗanyun kaji masu cutar. Naman firiza a narkar da shi a cikin firij, ƙasa da digiri 5, ko da zai kwana biyu, ba a rana ba. Dafaffen ƙashi haramun ne a sashenku, yana tsagewa ya huda hanji.

Ranar yunwa gaskiya ce, wurare da yawa suna yin rana ɗaya ko biyu a mako, amma ba a barinsu haka kawai, ana ba su babban ƙashi mai ɗan nama su yi ta gwagwiya, yana goge musu haƙora. Banda 'ya'ya, masu ciki, masu shayarwa da marasa lafiya.

Baba_Tsintsiya:

Likita, a kan ranar yunwa ina da ja kaɗan. Idan an yi ta a rana ɗaya kowane mako, dabbobin suna haddace ta, kamar yadda suke haddace ƙarar baron nama. Awa ɗaya kafin lokacin abinci sai su fara zarya a bakin raga, layi ɗaya, har ƙasa ta yi hanya. Gara a riƙa sauya rana da lokaci, wani lokacin a rataye naman a sama ko a ɓoye shi cikin kwali. Amma a bar wani abu mai daɗi da ba a bayarwa sai a ɗakin kwana, in ba haka ba ranar da kake buƙatar su shiga za su kwanta a fili suna kallonka. Kuma a raba su ɗaki-ɗaki lokacin ci, don namijin zai ƙwace na matan.

Ɗan'uwa, game da shara: duba kashi kafin ka kwashe. Na ranar ƙashi yakan fito fari da tauri, wannan ba komai. Baƙi mai kama da kwalta, jini, majina, tsutsa, ko rashin kashi kwana biyu zuwa uku, duk a rubuta a gaya wa likita. Haka naman da aka bari, taunawa da gefe ɗaya, da yawan shan ruwa a tsohuwar dabba, wanda sau da yawa ƙoda ce. Waɗannan dabbobi suna ɓoye ciwo, kafin ka ga zaki ya kwanta ya ƙi tashi abin ya yi nisa.

Kwashe datti, wanke da sabulu, ɗauraye, sannan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Bilic, wato ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta mai sa tufafi fari, ba ya aiki a kan datti. Kofi ɗaya a kofi 32 na ruwa, a bar shi minti 10, a ɗauraye sosai, a bar ƙasa ta bushe. Kada a zuba shi a kan kwantaccen fitsari, yana tayar da iska mai shaƙe mutum. Magungunan da ke mayar da ruwa fari kamar madara, masu sinadarin fenol, kada su shiga ɗakin zaki ko damisa, suna lasa daga tafin ƙafa kuma hantarsu ba ta iya sarrafa shi.

Sabon_Hannu:

Na gode ƙwarai, duk na rubuta. To idan na duba da safe na ga biyu maimakon uku fa?

Mai_Makulli:

Kada ka buɗe komai, kada ka shiga nema. Koma bayan ƙofar da ka san a rufe take, ka kira ta oba-oba, ka faɗi wace dabba ce da inda aka gan ta na ƙarshe. Sau da yawa tana saman katakon kwana ne ko wani lungu da hasken tocila bai kai ba, amma a ɗauka tana waje har sai an gan ta. Kada ka dogara da allurar barci, takan ɗauki minti 10 ko fiye kafin ta kama, dabbar da ta firgita kuma ta fi haka jimawa. Ranar farko ka roƙi shugabanka ya nuna maka takardar tsarin ko-ta-kwana, da ɗakin da za ka iya shiga ka kulle kanka daga ciki, da inda tukunyar kashe gobara ta ke, don ana fesa ta a raba faɗa ko a kori dabba daga kan mutum.