Neman kalma: hanyoyin da ayon ke bi a jikin jijiya

Malamar Bayoloji, Gombe: Assalamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe 10 zan yi darasi a rediyo kan yadda jijiya ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Wane suna za mu ba 'yan ramukan furotin ɗin nan da ke fatar ƙwayar jijiya, waɗanda ayon, wato ƙwayoyin sinadari masu cajin lantarki irin su sodiyam da fotasiyam, ke bi? Na ga an rubuta "tasha", ban gamsu ba.

Likita, Azare: Wa alaikumussalam Malama. Tasha ta talabijin ce. Ki ce mashigar ayon.

Malamin Fiziyoloji, Bauchi: Likita, mashiga ta ɗauki rabin aikin ne kawai. Jijiya tana hutawa, cajin cikinta yana kusan milibolt (ƙaramin ma'aunin lantarki) 70 ƙasa da sifili. Da an taɓa ta ya kai wajen 55 ƙasa da sifili, sai ramin sodiyam ya buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, tunda na waje ya ninka na ciki kusan sau 10. Caji ya haura 30 zuwa 40 sama da sifili. Cikin kusan kashi 1 bisa 1000 na daƙiƙa ramin ya toshe kansa. Sannan na fotasiyam, mai nawar buɗewa, ya saki fotasiyam zuwa waje, caji ya sauko. To wanda ke fitarwa ya za a ce masa mashiga? Magudana ta fi.

Tsohon mai fassara, Misau: Kun tsallake babbar matsalar. Ayon, sodiyam, fotasiyam, milibolt, ina Hausar? Manomin da ke sauraro ya san gishiri, ya san kanwa. A ce kafar gishiri da kafar kanwa.

Malamin Kimiyya, Kumo: Allah gafarta Malam, kanwa ba za ta yi ba. Mafi yawan abin da ke cikinta sinadarin sodiyam ne. Fotasiyam a toka ya fi yawa. Kuma yadda mutane ke rubutu a waya ba ƙugiya, kafa da ƙafa sun zama ɗaya.

Tsohon mai fassara: Ai dama haka kuke, sai Kano ta yanke kalma sannan Bauchi ta amsa. Mun shekara muna ƙirƙirar kalma kafin a zo da waya.

Likita: Ba wanda ya ambaci Kano, Baba. Lantarki ma aro ce, allura ma aro ce daga Larabci, kuma ba wanda ya ce lantarki ba Hausa ba ce.

Malamin Fiziyoloji: Mu koma kan darasin. Malama, ki kiyaye wani tarko: kar ki haɗa magudana da abin da ke mayar da ayon. Magudana ba ta cin ƙarfi, ayon gangarowa yake daga inda ya yi yawa, kamar an ɗaga ƙofar madatsar Dadin Kowa. Mai mayarwa kuwa yana ƙona ATP, wato makamashin ƙwayar jiki, guda ya tura sodiyam 3 waje, ya jawo fotasiyam 2 ciki. Idan kika ce masa famfo, mai sauraro zai hango na wanke hannu, wanda ake murɗawa ruwa ya zubo da kansa. Ki ce injin turawa. Masana kimiyya Hodgkin da Huxley ne suka bayyana buɗewa da rufewar magudana a 1952, a ƙatuwar jijiyar wata dabbar teku.

Likita: Misalin da kowa zai gane shi ne allurar kashe zafi kafin cire haƙori. Lidoken, maganin da ke cikin allurar, yana toshe ramin sodiyam, saƙon zafi ya kasa tashi. Magudana dai kwata take tuna mini, amma na janye mashiga.

Malamar Bayoloji: Na gode. Zan ce magudanar ayon, sashen da ke buɗewa da rufewa ƙofa, mai mayarwa kuma injin turawa. Baba, zan ambaci gishiri sau ɗaya don a gane sodiyam.

Tsohon mai fassara: Magudana na yarda, don gobe. Ayon ban yarda ba, zan kawo wata.