An ce sai an tsaga dasashi kafin a cire mini haƙori, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Ƙofar Marusa a Katsina nake, shekarata 24, ina goyo. Haƙorin ƙarshe na ƙasa, wanda ake ce ma haƙorin hankali, ya hana ni sakat. Rabinsa ne ya leƙo, abinci na maƙalewa a ƙarƙashin naman, wurin ya kumbura har cokali da ƙyar yake shiga bakina. Ina sa kanumfari, ya lafa ya dawo. An ɗauki hoto, likita ya ce a kwance ya fito yana tokarar turmin da ke gabansa, sai an tsaga. Hajiyarmu ta ce a kira wanzami, kuma wai cire haƙori na taɓa ido. Wallahi tsoro nake ji.

Wata Anti daga Daura:
Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu. An yi mini irinsa. Allura ake yi a dasashi, wurin ya mutu, idonki biyu. Za ki ji ana dannawa da ƙarar inji, amma ba zafi. Nawa sai da aka raba shi gida biyu, sannan aka ɗinke. Kumatu ya haye a kwana na biyu da na uku, daga nan ya fara saɓewa.

Ma'aikacin jinya, Ƙofar Ƙaura:
Malama, ki lallaɓa Hajiya a bar maganar wanzami. Haƙorin da ke kwance cikin ƙashin muƙamuƙi, in aka finciko shi yana iya karyewa, saiwar ta zauna ta jawo ciwo. Ido kuma ba ruwansa da wannan aikin. Abin da likita ke dubawa a hoton shi ne jijiyar da ta bi ta ƙarƙashin haƙoran ƙasa. In ta bugu, leɓe ko haɓa kan yi dindiris, galibi yana warwarewa. Ki tambaye shi nisan saiwar da jijiyar. Ki faɗa masa kina shayarwa. Allurar ba ta hana ba da nono, amma kada ki sha kodin ko taramol, suna bin nono su isa ga jariri.

Babban aikin naki ne bayan kin koma gida. Jini zai daskare a ramin, shi ne murfinsa. Ki cije audugar da za a sa miki a wurin kamar rabin awa. Ranar farko ba kurkure baki, ba tofar da yawu da ƙarfi, ba zuƙar lemo da tsinke, ba kunu mai zafi. In gudan jinin ya fita ƙashi ya bayyana, ciwon ya fi na yanzu, har kunne yake kaiwa. Washegari ki fara kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi da gishiri.

Wani Baba, Sabuwar Unguwa:
'Yata, mai hawan jini ko ciwon suga, ko mai shan maganin tsinka jini, ya faɗa tun kafin a fara. In kuma kumburin ya gangaro wuya, ko haɗiya ta gagara, ko zazzaɓi ya rufe ki, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya ko da dare ne. Allah ya ba da lafiya.

Mai tambaya:
Amin Baba, na gode ƙwarai. Anti, me kika riƙa ci a kwanakin farko?

Antin Daura:
Kunun gyaɗa da ya huce, fura mai laushi da nono, sai faten dankali. Ki tauna ta ɗaya ɓangaren, ki haƙura da kilishi da ƙuli-ƙuli sai an cire zaren.