Neman kalmar Hausa: me za mu ce wa "fossile"?

Malamin kimiyyar halitta: Salamu alaikum. Masu ɗibar rairayi a gulbi, tsakanin Maradi da Tibiri, sun tono wani haƙori bayan ruwa ya janye. Baƙi ne mai ratsin ja, tsayinsa santimita 6, fuskar taunarsa 2,7 a tsawo da 1,5 a faɗi, saiwar ta karye. Za a rubuta bayaninsa da Hausa saboda ɗalibai, sai aka maƙale a kan abin da Faransanci ke ce wa "fossile", wato ragowa ko alamar halittar da ta rayu tun zamanin da, wadda ƙasa ta adana. Wasu sun ce "ɓurɓushin halitta", wasu "ƙashin da ya zama dutse". Wanne ya dace?

Likitan dabbobi: Wa alaikumus salam, Malam. A fara sanin dabbar tukuna. Fuskar tauna ake dubawa, ba launi ba. Idan farin rufin haƙorin ya fito da siffar jinjirin wata bibbiyu a kowane sashe, to turmi ne, wato haƙorin tauna na baya, na dabba mai tuƙa: sa, ɓauna, raƙumi, tunkiya ko dangin barewa. Sai a leƙa kwarin da ke tsakanin sassan biyu. A turmin sa da na ɓauna akwai ɗan siririn ginshiƙi tsaye a nan, ta gefen kunci idan na ƙasa ne, ta gefen harshe idan na sama ne. Tumaki da awaki galibi ba su da shi, kuma nasu bai kai wannan girma ba. Awon da ka bayar, tsawo ya kusa ninka faɗi, ya fi kama da turmin ƙasa, na fari ko na biyu, don na uku sassa uku gare shi.

Na doki da na jaki daban ne: dogo, mai kusurwa huɗu, rufin ya nannaɗe. Na dorina in ya ci tauna sai ya bar siffar ganye mai kunne uku. Na gadu tarin ƴan sanduna ne a matse, na giwa kuwa falle-falle a jere, kuma girmansa kaɗai ya isa shaida.

Malamin kimiyyar halitta: Jinjirin watan na nan, ginshiƙin ma na nan. Ke nan sa ko ɓauna.

Likitan dabbobi: Haka ne. Raba su da haƙori ɗaya aiki ne, sai an jera shi da muƙamuƙin sa daga mahauta an gwada girma. Kuma gulbin nan kowace damina yana kwaso mushen shanu tun daga ƙasar Katsina.

Masanin duwatsu: Dokta ya taɓo inda gizo ke saƙar. "Ya zama dutse" bai zauna ba, musamman ga haƙori. Farin rufin nan tun dabba na da rai kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, ba ya buƙatar zama komai. Abin da ke sakewa shi ne cikin haƙorin da saiwa: sinadarin nama da ke ciki ya ruɓe, ma'adinan ruwan ƙasa su cike ƴan ramukan. Launi kuwa yana ruɗi. Baƙin daga manganis ne, jan daga ƙarfe, kuma laka na iya rina haƙori cikin shekaru kaɗan.

Dutsen rairayin da ke ƙarƙashin Maradi na zamanin dinoso ne, zamanin da ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, tun babu sa babu ɓauna a duniya. Saboda haka haƙorin nan daga lakar da gulbi ya jibge a sama ya fito. Zai iya zama na shekara 30, zai iya zama na dubbai, na lokacin da Sahara ke da tafkuna. A Gobero, jihar Agadas, inda ayarin masanin dinoso Paul Sereno ya gano tsohuwar maƙabarta a 2000, an samu ƙasusuwan dorina da kada, amma a tsufa ba su kama ƙafar ƙasusuwan dinoso na Gadufawa, a wannan jihar, masu shekara fiye da miliyan 100 ba, irin waɗanda ke gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Masana da yawa sukan ja layi a wajen shekara 10.000: abin da ya girmi haka shi suke ce wa "fossile". Dole kalmarmu ta ɗauki duka, har da sawun ƙafa da tambarin ganye a jikin dutse, waɗanda ba ƙashi ba ne.

Mai fassara a rediyo: Injiniya, "ɓurɓushin halitta" ya riga ya bazu a intanet, amma kunne ba ya karɓarsa. Ɓurɓushi abu ne da ya marmashe, ta yaya za a kira kwarangwal mai mita 7 ɓurɓushi? Ni na so "kufan halitta", tunda kufai alamar abin da ya taɓa zama ne ya shuɗe.

Masanin duwatsu: Hajiya, kufai zai haɗa mu faɗa da masu binciken tsofaffin garuruwa. Ƙashin tunkiyar da aka ci a kufan wani ƙauye shekara 200 baya shi ma "na kufai" ne, alhali ba shi muke nufi ba.

Mai fassara a rediyo: To a ɗauki "dauri", yadda ake cewa mutanen dauri. Haƙorin dauri, ƙashin dauri, sawun dauri, in an haɗa su duka a ce "halittun dauri". Wanda ma'adini ya ratsa sarai a ƙara masa "dutsantacce". A aji a bar "fosil" kusa da shi, don yaro ya gane shi a takardar jarrabawa.

Malamin kimiyyar halitta: Ya shiga kunne. To wannan namu, na dauri ne ko tsohon haƙori kawai?

Masanin duwatsu: A bar shi ya bushe tukuna, a inuwa, nannaɗe da takarda, mako ɗaya zuwa biyu. Rana ko iskar hunturu na tsaga shi, don rufi da ciki ba sa motsewa tare. Kada a sa masa ruwan tsami ko jabel, suna lalata shi. Tsohon buroshin haƙori ya wadatar. In ya bushe a auna nauyinsa da na sabon turmin sa mai girmansa: dutsantacce ya fi nauyi, in an ƙwanƙwasa shi da ƙarfe yana ƙara tsaf. Sai a gasa allura ta yi ja a dangwala a karyayyar saiwar, ba a kan rufi ba. In ya yi ƙauri irin na babbakar kan rago, akwai sauran sinadarin nama, bai daɗe can ba. In bai yi ba, alama ce kawai, don zafin ƙasarmu na cinye wannan sinadari da wuri. Shekaru na haƙiƙa sai awon karbon 14, gwajin da ake yi a ɗakin bincike, shi ma iyakarsa wajen shekara 50.000.

A ɗauki hoto ta sama da ta gefe biyu, da ma'auni ko ƙwandalar dala ashirin a kusa, faɗinta milimita 26. A rubuta wurin, da zurfin, da ko a cikin gaɓa yake maƙale ko a kan rairayi yake yashe, don wanda ruwa ya mirgino ya rabu da shimfiɗar da za ta faɗi shekarunsa. Dokar Nijar ta 1997 kan kayan tarihi ta shafi irin wannan tsintuwa, don haka ba na sayarwa ba ne. A nuna wa sashen ilimin ƙasa na jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo ko IRSH, cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta Yamai.

Malamin kimiyyar halitta: A takardar da za a liƙa masa zan rubuta: "Turmin ƙasa na sa ko ɓauna, Gulbin Maradi, ana zaton haƙorin dauri ne, ba a tabbatar ba."